Yadda Ake Kallon Garken Giwaye a Daji Ba Tare da An Tayar Musu da Hankali Ba

Babbar giwa tana shan ruwan da ya kai lita 100 zuwa 200 a rana, tana kuma cin ciyawa da ganye da ɓawon itace da saiwa kusan kilo 150. Ci kaɗai yana ɗaukar mata sa'o'i 16 ko fiye. Duk shirin da za ka yi na zuwa kallon giwaye a kan waɗannan alƙaluma zai tsaya, domin dabbar da ke da irin wannan buƙata ba ta nisa da ruwa. Wanda ya san inda ruwa ya rage a daji, ya kuma san lokacin da garke ke saukowa gare shi, ya gama rabin aiki. Ragowar rabin shi ne sanin inda zai tsaya, da yadda zai gane cewa giwa ta gaji da zamansa.

Mataki na farko: zaɓi wata kafin ka zaɓi wuri

Da damina ruwa yana ko'ina, a kowane kududdufi da kowace fadama, saboda haka giwaye suna warwatsuwa cikin daji. Ciyawa tana wuce tsayin mutum, hanyoyi suna caɓewa, sai ka wuce garke guda a nisan mita 30 ba ka gan shi ba. Da rani kuwa ƙananan tafkuna suna ƙafewa, ganye ya kaɗe, dabbobi su taru a bakin ruwan da bai yanke ba. Ƙarshen rani ya fi farkonsa, ko da yake zafi ya fi tsanani a lokacin.

A Afirka ta Yamma da Chadi, lokacin yana kamawa daga Disamba zuwa Afrilu, kuma Fabrairu da Maris da farkon Afrilu su ne kan gaba. Disamba da Janairu suna da daɗin yanayi, amma ƙurar hunturu tana dushe hoto, ciyawa kuma ba ta gama kwantawa ba. A Kenya da Tanzaniya babban rani yana daga Yuni zuwa Oktoba, akwai kuma ɗan gajere a Janairu da Fabrairu. A Botswana da Zimbabwe da Zambiya daga Mayu ne zuwa Oktoba. Kuskuren da masu tasowa daga nan suke yawan yi shi ne auna can da kalandar nan: watan Agusta da ake tsakiyar damina a Kano shi ne tsakiyar rani a Botswana, har da sanyin asuba mai sa mutum neman bargo.

Mataki na biyu: wuri

Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, shi ne mafi kusa ga yawancin masu karanta wannan. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun dajin ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar a 2006. Ana bin hanyar Bauchi zuwa Gombe, a karya kwana a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, daga nan sai an ƙara tafiyar kilomita 40 da 'yan kai kafin a isa masaukin Wikki. Giwayensa ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, kuma suna cikin mafi yawan da suka rage a Nijeriya. Sai dai a faɗi gaskiya: ganinsu ba tabbas ba ne. Sun sha wahalar mafarauta shekaru da yawa, don haka suna gudun mutane, dajin kuma yana da faɗi da duhuwa. Inda ake sa rai shi ne kwarin kogin Gaji a watannin bazara. Wanda ya zo ya kwana ɗaya ya fita sau ɗaya, mai yiwuwa ya koma da labarin gwanki da ɓauna da gwambaza kawai. A ba wurin kwana uku, a riƙa fita safe da yamma.

Mole a arewacin Ghana ya fi sauƙi ga mai son ya tabbatar ya ga giwa. Yana kusa da Larabanga da Damongo, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga Tamale. Masaukin da ke ciki yana kan tudu, yana kallon tafkuna a ƙasa, ta yadda da rani za ka iya zama a baranda ka ga giwaye suna wanka. A nan ana shiga daji da ƙafa tare da ma'aikaci mai bindiga. Yawancin waɗanda ke zuwa kusa da masaukin toraye ne, wato mazan giwaye, da suka saba da mutane. Mata da 'ya'yansu sun fi zama can ciki. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza zuwa Ghana, amma katin rigakafin shawara wajibi ne.

Zakouma a kudu maso gabashin Chadi, kusa da Am Timan, labarinsa daban ne. A 2002 yana da giwaye sama da 4,000. Zuwa 2010 masu farautar haure sun bar kimanin 450. A shekarar ne ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da shi, kisan ya ragu ƙwarai, giwayen suka koma haihuwa, yanzu sun haura 500. Tsoron da suka sha ya sa iyalai da yawa suka dunƙule suna tafiya tare, shi ya sa a can ake iya ganin ɗaruruwa a wuri ɗaya. Da damina ruwa yana mamaye yankin, ba a shiga sai da rani.

Amboseli a Kenya shi ne wurin da ya fi dacewa da wanda yake son ya zauna ya karanci rayuwar iyalin giwa. Ƙarami ne, murabba'in kilomita 392, fili ne fetal, kuma ruwan da ke tsattsafowa daga dutsen Kilimanjaro yana ciyar da fadamun tsakiyarsa duk shekara. Tun 1972 mai binciken giwaye Cynthia Moss da abokan aikinta suke bin giwayen wurin ɗaya bayan ɗaya, saboda haka sun saba da mota. Da safe suna jero layi su ratso busasshen fili zuwa fadama, da yamma su koma. Chobe a Botswana kuwa wurin yawa ne. Ƙasar tana da giwaye kusan 130,000, babu ƙasar da ta kai ta, kuma daga garin Kasane ana shiga jirgin ruwa da yamma a kalli garkuna suna saukowa gaɓa, wasu ma suna iyo zuwa tsibiri. Tarangire a Tanzaniya da Hwange a Zimbabwe su ma suna cika da rani.

Gandun dajin W da ke tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso, da Waza a arewacin Kamaru, duk suna da tarihin giwaye, amma matsalar tsaro ta taɓa yankunansu a shekarun nan. Kada a kama hanya sai an ji ta bakin hukumomi a makon tafiyar.

Mataki na uku: kaya

Tufafi masu launin ƙasa, ko ruwan toka, ko koren da ya dushe, masu dogon hannu. Fari yana ɗaukar ido daga nesa, shuɗi da baƙi kuma suna janyo ƙudan tsando, wanda yake da yawa a Yankari da Mole da Tarangire, kuma cizonsa yana ratsa yadi mara kauri. Babbar riga da mayafi mai kaɗawa a iska a bar su a ɗaki. Turare ma haka, domin hancin giwa yana cikin mafi ƙarfi a duk dabbobin da aka auna. Takalmi rufaffe, musamman ga mai shiga da ƙafa. A Mole ba a yarda a fita da silifa ba. Ruwan sha lita 3 ga kowane mutum a rana, a bazara a ƙara. Hula mai faɗi, rigar sanyi don asuba, da maganin sauro. Wanda ba a yankin zazzaɓin cizon sauro yake zaune ba ya ga likita kafin ya tashi.

Madubin hangen nesa ya fi kyamara amfani. Mai lamba 8x42 ya isa, kuma gara kowa ya riƙe nasa, domin abin da ake son gani sau da yawa ba ya wuce daƙiƙa goma. Mai kyamara ya ɗauki gilashi mai kaiwa 300mm, da ƙyallen rufe ta daga ƙura.

Sai ɗan jagora. Kada a yi rowa a nan. A Yankari da Mole ba a shiga daji sai da ma'aikacin wurin. Ka same shi tun daren da ka sauka, ka gaya masa giwa ka zo nema, ka tambaye shi inda aka gan su jiya da shekaranjiya, da mashayar da suke amfani da ita a makon. In ba ka faɗa ba, zai zagaya da kai hanyar da aka saba bi da kowa. In hali ya yi, ɗauki mota ta ku kaɗai. A motar haya mai mutum goma sha biyar ba za ka iya cewa a tsaya awa guda a bakin tafki ba, kuma wannan tsayuwar ita ce sirrin abin.

Mataki na huɗu: tsara yini

Ka yi Asuba, ka kasance cikin mota da fitowar rana ko kafin nan, gwargwadon lokacin da ake buɗe ƙofa. Daga ƙarfe 6 zuwa 9 giwaye suna kiwo suna tafiya, sawunsu na dare kuma yana nan sabo a kan hanya kafin tayoyi su share shi. Daga wajen ƙarfe 10 zuwa tsakar rana, idan zafi ya fara, su kan nufi ruwa. Wannan ne lokacin da masu gaggawa suke komawa karin kumallo, su rasa abin da suka zo dominsa. Da tsakar rana garke yana tsayawa a inuwa, manya a tsaye suna kaɗa kunne, ƙanana a kwance a tsakiyarsu. Daga ƙarfe 3 da rabi zuwa faɗuwar rana suna sake motsawa, sau da yawa su sake shan ruwa. A wuraren da aka matsa musu da farauta, garken mata kan jira duhu kafin su sauko mashaya, shi ya sa a irin waɗannan wurare mintunan ƙarshe kafin Magariba suke da daraja.

Batun salla a shirya shi tun a masauki. Ba a sauka daga mota a tsakiyar daji don alwala ko kama ruwa sai a wurin da aka keɓe, ko inda jagora ya duba ya ba da izini. Ka fita da alwalarka, ka gaya wa direba tun farko cewa za a tsaya La'asar, shi zai san inda ya dace.

Mataki na biyar: karanta ƙasa

Direba ya tafi a hankali, kilomita 15 zuwa 25 a awa. Iyakar gudu a gandayen dajin Kenya kilomita 40 ne, amma a wannan gudun ba a ganin komai. Giwa duk girmanta tana ɓacewa a bayan kurmi, kuma tafiyarta ba ta da ƙara, saboda akwai kitse mai laushi a tafin ƙafarta da ke shanye nauyi. Kada ka nemi giwa sukutum. Nemi kunne yana motsi, ko farin haure, ko wutsiya, ko reshe yana girgiza alhali babu iska. Lokaci lokaci a kashe inji a saurara. Ƙarar karyewar reshe tana zuwa daga nesa, haka ma gurnanin da suke yi a maƙogwaro. Wani sashe na wannan gurnani yana ƙasa da abin da kunnen mutum ke ji, kuma yana kaiwa kilomitoci. Da shi iyalai suke kiran juna.

Sawun ƙafar gaba zagayayye ne, na baya kuma mai ɗan tsawo, sau da yawa yana sauka a kan na gaba. Gefen da ƙasa ta ɗan tono ta watsu gaba shi ne wajen yatsu, can suka nufa. Idan zanen tsagar tafin ƙafa yana fitowa ɓaro-ɓaro, sawun sabo ne. Idan iska ta shafe shi ko ƙwari sun ratsa ta kai, ya kwana. In ka auna kewayen sawun gaba ka ninka sau biyu, za ka sami kusan tsayin giwar a kafaɗa. Manyan sawu na dabba ɗaya toro ne. Sawu masu girma daban-daban, da ƙanana a tsakani, garken mata ne da 'ya'ya, kuma shi ne ya fi buƙatar hattara.

Kashi ma yana ba da labari. Giwa ba ta narkar da ko rabin abin da ta ci, tana kuma kashi sau da yawa a yini. Sabo yana da danshi da sheƙi da wari, ƙudaje da buzuzu suna kansa. Bayan 'yan sa'o'i a rana sai bayansa ya bushe ya yi duhu. A cikinsa za ka ga ƙwallon aduwa ko na giginya ko na danya, wanda zai nuna maka itatuwan da suke bi a wannan makon. Direba ya kauce wa taka shi, saboda buzuzun da ke aiki a ciki. Reshen da aka karya wanda ganyensa bai yi yaushi ba, da itacen da aka saɓule wa ɓawo yana ɗigar ruwa, duk alamar suna kusa ne. Idan suna kiwo ba sa nisa da sauri, amma in sun sa ruwa a gaba suna cin kilomita 5 zuwa 6 a awa, bin bayansu ɓata lokaci ne. A zagaya ta hanya a riga su isa mashaya.

Mataki na shida: inda ake tsayar da mota

Nan ne ake gyara kallo ko a ɓata shi. Da zarar an hango garke, a tsaya tun daga mita 100, a ba su minti biyu ko uku ana kallonsu. Ina suka nufa? Akwai jarirai? Hanya ta raba su biyu? Suna ci hankali kwance, ko sun daina ci sun ɗaga kai? Idan sun ci gaba da harkarsu, a matsa a hankali zuwa kamar mita 50, a tsaya nan. Dokar gandayen Kenya ta hana matsawa ƙasa da mita 20, amma wannan ita ce iyakar ƙarshe, ba wurin da ake nufa ba, kuma giwayen Yankari ba za su jure abin da na Amboseli ke jurewa ba.

Kada a tunkare su kai tsaye. A je ta gefe, a tsaya a gefen hanyar da za su bi, ba a kanta ba. Giwaye suna da turbobinsu da suka daɗe suna bi zuwa ruwa, za ka gan su a share kamar hanyar ƙafa. Motar da ta tare turba ita ce take janyo rigima. Kada mota ta shiga tsakanin uwa da ɗanta, ko tsakanin garke da ruwa, ko tsakanin rabin garken da ya tsallaka hanya da rabin da bai tsallaka ba. Idan ka ga manya sun wuce, jira. Kusan kullum akwai na baya, kuma sau da yawa ƙarami ne da yayarsa.

A ajiye mota ta yadda gabanta ke kallon mafita, babu itace ko rami ko wata motar da ta toshe ta. Idan motoci sun yi yawa, a bar tazarar da kowa zai iya juyawa, kuma kada a yi wa garke zobe. Iska ta riƙa busowa daga wajensu zuwa wajenka. In ba ka gane inda take kaɗawa ba, ɗan yayyafa ƙura daga hannu ka ga inda ta nufa. Idan an daidaita kuma garken yana kwance da hankali, a kashe inji. Daga nan sai haƙuri. Giwar da ta zo kusa da kai da kanta ba ta jin an takura mata, wadda ka je ka same ta kuwa tana lissafin ka. In ta zo dab da mota, kowa ya zauna yadda yake: ba miƙewa, ba fitar da hannu, ba magana sai raɗa, kuma direba kada ya tayar da inji a daidai lokacin, domin ƙarar ba-zata ita ce ke firgita ta. Tana ɗaukar motar da mutanen cikinta a matsayin abu ɗaya da ta sani. Wanda ya miƙe tsaye ya fito da siffar mutum, siffar da ta koyi tsoro.

Mataki na bakwai: gane wa ke wa a cikin garke

Garke iyali ne na mata: uwa, 'ya'yanta mata, 'yan'uwanta, da ƙananansu, yawanci daga shida zuwa ashirin. Babbar uwa ce ke jagoranci, kuma ita ce ta san inda ruwa yake a shekarar fari. Za ka gane ta da girma, da dogon baya, da ramin da ke saman idanunta, amma mafi tabbas shi ne ka lura da wadda in ta tsaya kowa ya tsaya, in ta motsa kowa ya bi. Ita za ka riƙa sa wa ido, domin halin da take ciki shi ne halin garken.

Maza suna barin iyali tsakanin shekara 12 zuwa 15, su koma yawo su kaɗai ko cikin ƙungiyar toraye. A gefe, goshin mace yana da kusurwa, na namiji a zagaye yake, haurensa kuma ya fi kauri. Cikakken toro yana kai tan 6, mace kusan rabin haka. Nonon mace yana tsakanin ƙafafun gaba. Ciki wata 22 ne, jariri yana zuwa da nauyin kilo 100 ko kusa da haka, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa shekara huɗu zuwa biyar. Ɗan da ke iya shigewa ta ƙarƙashin cikin uwarsa bai cika shekara ba. Irinsa bai iya sarrafa hancinsa ba tukuna, za ka gan shi ya durƙusa yana shan ruwa da baki, alhali babba tana zuƙar lita 8 zuwa 10 a hanci ta juye a baki. Haure yana fara leƙowa bayan shekara biyu.

A mashaya akwai tsari da ake yawan gani: a sha, a yi wanka, a shafa taɓo, a watsa ƙura a baya, sannan a goga jiki a kututture. Taɓon yana kare fata daga rana da ƙwari. Idan iyalai biyu da suka san juna suka haɗu, za ka ji gurnani da kururuwa, ka ga ana haɗa hanci ana sa shi a bakin juna. Gaisuwa ce, ba faɗa ba. Mai son ya bambance su ɗaya bayan ɗaya ya dubi gefen kunne, domin kowace tana da tsaga da huda irin nata, sai kuma haure, wanda ɗaya kan fi ɗaya gajarta saboda shi ta fi aiki da shi.

Mataki na takwas: alamun cewa ya isa

Kaɗa kunne a hankali, gaba da baya, fifita ce kawai. Jini yana bi ta jijiyoyin kunnen ya huce. Giwa mai kwanciyar hankali idonta a lumshe yake, wutsiyarta tana lilo, tana ci. Damuwa tana farawa ne da daina ci. Sai ta ɗaga hanci sama tana shinshina iska, wutsiya ta sandare, ta ɗaga ƙafar gaba ɗaya tana jujjuya ta, ko ta tsinki ciyawa ta yar ba ta ci ba. Idan manya suka dunƙule suka sa ƙanana a tsakiya suna fuskantar waje, kun yi kusa da yawa. A wannan matakin ake ja da baya, a hankali, ba a jira na gaba.

Na gaba shi ne gargaɗi: ta juyo ta fuskance ka, kai a sama, kunnuwa a buɗe a tsaye, ta girgiza kai har kunnuwan su yi ƙara, ta watso ƙura, wataƙila ta yi kururuwa ta taho da gudu 'yan taku ta ja birki. Wannan barazana ce, tana so ka matsa. Samarin toraye suna yawan yin ta. Harin gaske ya sha bamban: kai a ƙasa, kunnuwa a manne da wuya, hanci a naɗe ƙarƙashin haɓa, kuma sau da yawa babu kururuwa ko kaɗan. Giwa tana gudun da ya kai kilomita 25 a awa ko fiye, a kan ƙasar da mutum ba ya iya tsere mata. Kada baƙo ya ce zai tsaya ya tantance wanne ne wanne, domin barazana tana iya rikiɗewa ta zama hari. Hukunci na jagora ne. Naka shi ne ka zauna, ka yi shiru, ka bar shi ya yi aikinsa. Hon, da taka totur don a tsorata ta, da dukan jikin mota, ba aikin baƙo ba ne.

Toron da ke cikin zafin barbara yana da nasa hukuncin. Manyan maza suna shiga wannan yanayi kusan sau ɗaya a shekara, na makonni ko watanni, kuma a lokacin ba sa kauce wa kowa. Alamunsa uku: ruwa mai maiƙo yana gangarowa daga wata 'yar ƙofa tsakanin ido da kunne, fitsari yana ɗiga ba yankewa har cikin cinyoyin baya su jiƙe su yi duhu, da wari mai ƙarfi. Tafiyarsa ma ta ƙasaita ce, kai a sama yana rangaji. Jiƙewar gefen fuska kaɗai ba hujja ba ce, domin mata da ƙanana su ma suna yin ta idan hankalinsu ya tashi. Ɗigar fitsarin ita ce tabbaci. A ba shi mita 100 ko fiye, a bar inji a kunne. Idan ya biyo hanya ya nufo ku, a ja da baya tun yana nesa, a nemi mararraba a kauce masa gaba ɗaya. Ja da baya kaɗan-kaɗan a gabansa yana sa ya ci gaba da bin motar. Haka ake yi wa giwa mai rauni, ko mai ɗingishi, ko wadda waya ta tarko ta yanke wa ƙafa ko hanci. A nisance ta, a kuma sanar da ma'aikata wurin da aka gan ta.

A ƙafa, a ruwa, da a masauki

Masu shiga da ƙafa suna tafiya layi ɗaya a bayan mai bindiga, ba surutu, waya a kashe mata ƙara. Idon giwa ba shi da ƙarfi sosai, amma tana kama motsi, don haka in aka ce tsaya, a tsaya cak. Ba a gudu sai jagora ya ce, kuma inda ya nuna. Hawa itace ba mafita ba ne ga dabbar da ke tumɓuke itace. Yara ƙanana ba a shiga da su.

A jirgin ruwa matuƙi yana kashe inji ya bar ruwa ya kai shi. Kada a tare gaban masu iyo, domin za su juya da 'ya'yansu a tsakiyar kogi. A masaukin da ba shi da shinge, ba a yawo da dare sai da mai rakiya da tocila, kuma ba a ajiye 'ya'yan itace a tanti ko a buɗaɗɗiyar mota. A gandun dajin Addo na Afirka ta Kudu an taɓa ciyar da giwaye lemu don masu kallo, abin ya kai suna faɗa da juna a kansa, har aka daina aka kuma hana shiga da lemu. Giwar da ta koyi neman abinci wurin mutane ƙarshenta harbi ne. A Wikki kuma gwaggon biri ne zai fara yi maka ɓarna, a rufe ƙofa da taga.

Hoto, da abin da ake barin wa daji

Hasken awa biyu na farkon yini da awa ɗaya na ƙarshe ya fi fitar da zanen fata. A kashe filasha. Saurin ɗauka 1/500 na daƙiƙa ya isa ga masu tafiya, a ƙara shi in ana watsa ruwa ko ƙura. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi haramun ne a yawancin gandaye sai da izini, ƙararsa kuma tana kama da ta ƙudan zuma, waɗanda giwaye ke gudu. Kada ka juya wa giwa baya don ɗaukar kanka da ita.

Ƙidayar da aka fitar a 2016 a ƙasashe 18 ta sami giwayen fili 352,271, ta kuma nuna sun ragu da kashi 30 cikin 100 tsakanin 2007 da 2014. A 2021 aka sa giwar fili cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, giwar kurmi kuma a matakin da ya fi wannan tsanani. Saboda haka in ka ɗauki hoton toro mai manyan haure, cire bayanin wuri daga hoton kafin ka sa shi a Facebook, kada kuma ka rubuta sunan mashayar. Cinikin haure tsakanin ƙasashe haramtacce ne tun 1989. Carbi ko awarwaro ko kan sanda da aka ce na haure ne, kada ka saya, ana kama mutum da shi a filin jirgi. Kuɗin shiga ka biya a ƙofa ka karɓi rasit, ka sallami jagora da direba da abin kirki, ka sayi abin da za ka saya a ƙauyukan da ke gefen dajin, domin gonakinsu ne giwaye ke shiga da kaka. Kafin ka bar masauki, gaya wa ma'aikata adadin da ka gani, da wurin, da lokacin, da ko akwai jarirai ko mai rauni. Suna rubutawa, kuma da shi ake tsara sintirin washegari.